Yoga da zaman natsuwa ga mai aiki da iyali: yadda ake farawa, da abin da ke sa a ɗore

"Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar firamare ce a nan Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya, shekaruna 38, ƴaƴana huɗu. Na kusa shekara biyu ina fama da ciwon baya wajen ƙugu, ga shi in na kwanta da dare tunani ba ya barina barci. Na ga bidiyon yoga a waya, na gwada, na kuma ji daɗin jikina, amma duk sanda na fara ba na wuce mako guda sai in watsar. Zaman natsuwar da suke yi kuwa, da na rufe ido sai lissafin cefane da na ɗalibai ya taso mini. Sannan wata ƙawata ta ce yoga bautar Indiyawa ce. Don Allah yaya zan yi abin nan ya zame mini jiki, ba tare da na taɓa addinina ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. In na fahimce ki, kin riga kin ɗanɗana amfanin abin, damuwarki ita ce ba ya zama, ga kuma maganar ƙawarki da ta tsaya miki a rai. Ni ma'aikaciyar kine ce, aikina gyaran jiki ta hanyar motsi, kuma masu ciwon baya su ne mafi yawan waɗanda ke zuwa wurina: teloli, ƴan kabu-kabu, matan da ke daka da ɗaukar ruwa, da malaman makaranta irinki da ke wuni a tsaye gaban allo su dawo su duƙa kan littattafan ɗalibai. Zan fara da maganar addini, don wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar da abu ba ya riƙe shi, ko da an tsara masa shi da kyau.

Maganar ƙawarki

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai ba ta kai ƙarshen zancen ba. Yoga daga Indiya ta fito, kuma tushenta addini ne da falsafa. Tsohon littafin da aka fi jingina ta gare shi, na wani malami mai suna Patanjali, ya haura shekara 1,500 da rubutawa. Ya kasa hanyar zuwa matakai takwas, yanayin zaman jiki shi ne na uku, sarrafa numfashi na huɗu, sauran kuwa ɗabi'u ne da tattara hankali da abin da suke nema na ruhi. Lanƙwashe-lanƙwashen da kike gani a waya yawancinsu daga baya suka bunƙasa, a farkon ƙarni na 20, musamman a fadar Maisur da ke kudancin Indiya inda Krishnamacharya ya koyar a shekarun 1930. Masana tarihi sun nuna an cuɗanya su da atisayen motsa jiki irin na Turawa da na ƴan kokawar ƙasar. Almajiransa, irin su Iyengar, su suka yaɗa salon a Turai da Amurka, har a Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga.

Shi ya sa malaman Musulunci ba su tsaya kan baki ɗaya ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yin ta, saboda ambato da ibadun Hindu da ke gauraye da ita. A farkon 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe: wadda ke ɗauke da ambaton Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ne zalla babu laifi. A 2017 hukumomin Saudiyya suka amince a koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Ni ba malamar addini ba ce, fatawa kuma ba aikina ba ne, don haka ki kai tambayar ga malamin da kika yarda da iliminsa. Amma ki kai masa ita dalla-dalla. Ki gaya masa ainihin abin da za ki riƙa yi da jikinki, don in kika ce masa "yoga" kawai, zai amsa miki kan abin da ya ji labari ne.

Abin da nake yi da marasa lafiyata shi ne in cire abu uku. Babu maimaita sautin "om" ko wasu kalmomin da ba mu san ma'anarsu ba. Babu haɗa tafin hannu a ƙirji a rusuna wa wani. Babu kuma jerin motsin nan da suke kira gaisuwar rana, wanda ake yi ana fuskantar gabas da hudowarta. Ke kin san ko nafila an hana mu yi a daidai wannan lokacin. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan, miƙa ne da ƙarfafa tsoka da numfashi, irin wanda muke koya wa mutane a ɗakin aiki ko da ba a ambaci Indiya ba. Ina kuma ba da shawara kada a yi shi a kan sallaya. Ki ware masa tabarmarsa daban, don zuciyarki ta san wannan ibada ce, wancan gyaran jiki ne. Ta ɗaya gefen ma haka: ba na son yadda wasu ke tallar salla da cewa ita ma yoga ce. Salla ba ta bukatar wannan tallar.

Abin da za ki sa rai da shi

Kada bidiyo ya ruɗe ki. A ciwon baya da ya daɗe, binciken da aka tattara ya nuna yoga na rage ciwo tana kuma sauƙaƙa motsi in an gwada da zaman banza, amma ragin matsakaici ne, kuma bai wuce abin da sauran motsa jiki ke bayarwa da wani abin kirki ba. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta sa ta cikin abubuwan da ya kamata a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi, tare da motsa jiki na yau da kullum da atisayen natsuwa. Shi ma zaman natsuwa an gwada shi. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin jami'ar Masacuset, ya ɗauko dabarun tattara hankali ya cire musu rigar addini, don masu ciwon da ya ƙi jin magani. A 2014 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins suka duba gwaje-gwaje 47, suka samu yana rage fargaba da ƙuncin rai da jin ciwo, shi ma daidai gwargwado. Ba ya warkar da ciwon suga, ba ya maye gurbin maganin hawan jini, ba ya narkar da teɓa. Fifikon atisayen yoga a wurinki shi ne ba ya cin ko dala, ba ya bukatar ki fita gida, kuma kin riga kin ji yana miki daɗi. A aikinmu wannan na ƙarshen ya fi komai nauyi, don motsin da mutum ke so shi ne yake ci gaba da yi.

Dalilin da ya sa kike watsarwa

A nan zan daɗe, don nan ne matsalarki take. Yawancin masu zuwa wurina da irin labarinki suna zargin kansu da lalaci. Matar da ke tashi kafin asuba, ta dama koko, ta shirya yara huɗu, ta wuni da aji cike da ɗalibai, ta dawo ta ɗora tukunya, ba za a kira ta malalaciya ba. Abin da ke faruwa shi ne bidiyon minti 40 ne ko awa guda, an yi shi don wadda ke da ɗakin kanta da ƙofar da za ta rufe. Kwana uku na farko ɗoki ne ke ɗaukar ki. Ran na huɗu aka yi baƙi, ran na biyar akwai suna a Mokoyo, ran na shida an ɗauke wuta waya ba caji ko mega ya ƙare. Sai ki ga tunda ba za ki samu minti 40 ba, gara ki bari sai gobe. Goben ce ba ta zuwa.

Maganin wannan shi ne ki rage abin har ya kai girman da ko a ranar da ta fi kowace cunkoso za ki iya yin sa. Minti goma. A ranar da ta ƙi, minti biyu: motsi ɗaya da numfashi biyar, ki tashi. Mutane suna raina wannan in na faɗa musu, amma a watannin farko abin da ake ginawa shi ne sabo, ƙarfin jiki yana biyo baya. Wani bincike da aka yi a Landan a 2009 ya samu cewa sabon abu yana ɗaukar kwana 66 a matsakaici kafin ya zame wa mutum jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Don haka mako guda da kike kaiwa ki tsaya, ba a ma fara ba tukuna. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce kada a yi fashi sau biyu a jere.

Na biyu, kada ki ce "zan yi in na samu lokaci". Mai iyali ba ta samun lokaci. Ki ɗaura shi a bayan wani abin da ba kya fashinsa, kuma mu nan Allah ya hutar da mu neman wannan, don ranarmu a yanke take gida biyar. Ki zaɓi salla ɗaya, ki ce da na sallame na gama addu'o'ina na naɗe sallaya, sai in shimfiɗa tabarma. Tunda barci na cikin abin da ke damun ki, ni bayan isha'i zan zaɓar miki, in dai an ɗan jima da cin tuwo. Ciki cike ba ya son lanƙwasa, a ba shi kamar awa biyu, ko ki yi kafin ki ci. Ga wani abin da mata da yawa ke tuntuɓe a kai: kwanakin da ba kya salla, abin da kika ɗaura atisayen a kai ya ɓace, sai shi ma ya bi shi. A waɗannan kwanakin ki riƙe kiran sallar unguwa a matsayin alama, ki yi motsin da ya fi sauƙi.

In asuba ce ta fi miki, babu laifi, musamman a bazara da nan ne kawai ake samun iska. Sai dai ki sani fayafayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna shan ruwa su kumbura da dare, don haka a awar farko bayan tashi baya bai son a duƙa sosai a taɓo yatsun ƙafa. Ki bar irin wannan sai rana ta yi. Da hunturu jiki na sandarewa, ki fara da ɗan zagaye a tsakar gida, atisayen numfashi kuma ki yi shi cikin ɗaki saboda ƙura. A Afrilu da Mayu kuwa kada ki yi shi da rana a ɗakin kwano. Akwai masu biyan kuɗi a Amurka su shiga ɗakin da aka zafafa zuwa digiri 40 don su yi yoga. Mu da ake ba mu wannan kyauta mun san ba abin nema ba ne. Da azumi ki mayar da shi bayan tarawihi, ki rage.

Sai maganar idon mutane. In gidan yawa ne, ki gaya wa maigida da wanda ya kamata ya sani tun farko cewa atisayen ciwon baya ne. Abin da aka ɓoye shi ke jawo tsegumi. Ba kya bukatar matsattsun kayan nan na bidiyo. Wando mai yalwa da riga sun isa, zani ne dai ke ɗaure ƙafa. Tabarma a kan siminti tana zamewa kuma tana cin gwiwa, ki ninka bargo a kai. Katifa ta yi laushi da yawa. Yara za su hau bayanki, wannan babu makawa. Ƙananan ki bar su su kwaikwaya, da sun saba gani za su gaji su ƙyale ki.

Minti goman kansu

Ki haddace motsi biyar ko shida ki ajiye waya. Ki kwanta rigingine, ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, ki riƙe tsawon numfashi biyar, ki sauya, sannan duka biyun. Daga nan, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, ki karkatar da gwiwoyin dama a hankali, kafaɗu na manne da ƙasa, sannan hagu. Na uku shi ne wanda na fi so ga malaman makaranta: a wannan kwanciyar, ki matse ɗuwawu ki ɗaga ƙugu sama har jikinki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ki ƙirga biyar, ki sauke, sau takwas zuwa goma. Tsokar ɗuwawu in ta yi rauni, baya ne ke ɗaukar aikinta. Sai ki juya ki durƙusa kan hannuwa da gwiwoyi, in kin shaƙi iska ki saki ciki ƙasa ki ɗaga kai kaɗan, in kin fitar ki tura baya sama ki sunkuyar da kai. A nan dai, ki miƙe hannun dama gaba da ƙafar hagu baya lokaci guda, ba tare da ƙugu ya karkace ba, ki sauya. Na ƙarshe ki koma rigingine, ki rataya ɗankwali a tafin ƙafa ɗaya, ki ɗaga ta a miƙe har ki ji bayan cinya ya ja.

Ja da ɗan nauyi ba matsala ba ne, tsamin jiki washegari ma haka. Ciwo mai suka, ko wanda ke harbawa ya gangara ƙafa, ko ƙafa ta ɗauki jin kamar tafiyar kiyashi, wannan alamar a tsaya ce. Kada ki riƙe numfashi. Kada kuma ki auna kanki da yarinyar bidiyo. Galibinsu tun asali gaɓoɓinsu a sake suke, kuma sakin gaɓa ba shi ne lafiyar baya ba. Bayan wata guda, in minti goma sun zauna, ki ƙara tsayawa da ƙafa ɗaya kusa da bango, ki ƙara tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, kuma minti gomanki ba su cika wannan ba. Sauka daga kabu-kabu kafin a kai ƙofar makaranta a taka sauran yana cikin lissafi.

Zaman natsuwa da lissafin cefane

Kin ɗauka kin kasa ne saboda tunani ya zo. Ba wanda tunani ba ya zuwar masa, har waɗanda suka shekara talatin suna yi. Hankali kamar ɗan akuya ne a turke: zai ja igiya, aikinki ki dawo da shi ba tare da duka ba, ya sake ja ki sake dawo da shi. Dawowar ita ce atisayen. Zaman da kika dawo da hankalinki sau ashirin ya yi aikinsa.

Ki fara da numfashi, don shi ne ke da hanyar da muka sani a jiki. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In kika shaƙa kina ƙirga huɗu, kika fitar kina ƙirga shida, kin sauko wajen sau shida a minti. Duk sanda mutum ke fitar da iska, wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki tana rage bugun zuciya, shi ya sa ake tsawaita fitarwa fiye da shaƙa. Ki ɗora hannu a ciki ki ji yana tashi yana sauka. Minti uku sun isa a farko, a ƙarshen motsin, a zaune kan kujera ko jingine da bango; naɗe ƙafa irin na hoto ba dole ba ne. In ƙirgar ta sa ki jiri ko ƙuncin ƙirji, ki bar ta ki koma numfashinki na kullum kina lura da shi kawai.

Ga lissafin cefane kuwa, ki ba shi haƙƙinsa kafin ki zauna. Ki ɗauki takarda ki rubuta duk abin da ke jiran ki gobe. Tunani yana yawan dawowa ne don tsoron kada a manta, in ya ga an rubuta sai ya lafa. Ki kuma duba shayin dare da goro, da wayar da ake shiga shimfiɗa da ita. Sau da yawa su ne ke cin barcin da ake ɗora wa tunani laifi. Wasu marasa lafiyata sun fi samun natsuwa da tasbihi da azkar ɗin kwanciya fiye da ƙirga numfashi, kuma ba na raba su da abin da suka saba. Yadda ake zikiri da ladubbansa na malamai ne. Nawa shi ne in ce ki zauna daram, ki saki kafaɗu da muƙamuƙi, kada ki yi shi kina sauri.

Akwai waɗanda rufe ido cikin shiru ke tayar musu da abin da suka gani na tashin hankali, rasuwa ko hari ko wani abin da ba sa son tunawa. In haka ta faru gare ki, ki buɗe ido ki kafa shi a wuri ɗaya a ƙasa, ki gajarta zaman, ko ki bar shi ki tsaya kan motsi. In kuma rashin barcin ya haɗu da kuka ba dalili, ko ƙin abinci, ko jin rayuwa ta fita ranki har ya wuce mako biyu, wannan ya wuce aikin tabarma, a ga likita.

Inda shawarata ta tsaya

Ban gan ki ba, ban taɓa bayanki ba, don haka duk abin da na faɗa na ciwon baya ne irin wanda aka fi gani, wanda ba wata cuta a ƙarƙashinsa. Ki je asibiti a ranar, ba sai gobe ba, in fitsari ko bayan gida ya fara kuɓuce miki ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba kya jin taɓi, ko ƙafa ta yi rauni kina jan ta. Ki je a duba ki kafin ki ci gaba in ciwon na tare da zazzaɓi, rama, zufar dare, ko yana tashin ki daga barci duk yadda kika juya. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma muna ganin sa a nan. Mai hawan jini ko hawan jinin ido ta nisanci duk motsin da ke sa kai ƙasa ƙafa sama, wanda dama ba na koya wa kowa daga bidiyo. Mai ciki, da wadda aka yi wa aikin haihuwa kwanan nan, da mai sikila, su fara tambayar wanda ke duba su.

In kin riƙe minti goman nan mako shida zuwa takwas ba ki ga wani sauyi ba, ki nemi kine ya duba ki ido da ido, ya ga yadda kike motsin, don sau da yawa gyara kaɗan ne. Ranar da za ki je ki tafi da duk ƙwayoyin da kike sha na ciwon, har da na masu yawo da magani a kasuwa. Diklofenak in aka daɗe ana sha yana cin ciki yana taɓa ƙoda, tiramol kuwa yana kama mutum ya kasa bari, kuma wanda zai duba ki yana bukatar sanin tun yaushe kike sha da guda nawa a rana.